Aron Hanci a Madina

Tun da na dawo daga Madina ban huta da tambaya ba. Wadda ta zo karɓar dabino sai ta gyara zama, wadda ta zo shan zamzam sai ta tuɓe mayafi, kowa da tata: yaya garin yake, me suke ci, wai da gaske ne Larabawa da turare suke wanka? Bakina ya gaji. Yau zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ba ta nan a ba ta labari. Ke kuma Asabe, ki daina cewa yawon buɗe ido na je. Aiki ne ya kai ni, ziyarar Manzon Allah kuma rabo ce da Allah ya haɗa mini da ita.

Kun san ina da gwaggo a can, Gwaggo Habi, yayar babanmu. Tun ba a haife ni ba ta bar Kano ita da mijinta, suka bi ta Chadi da Sudan, wani wuri a mota wani wuri a ƙafa. Sun daɗe a Sudan suna neman guzuri, a nan ta koyi haɗa humra, turaren nan na shafawa, wajen matan can. Mijin ya rasu a Madina ya bar ta da ɗa ɗaya, Usman. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Uwata ko da yake ba ta taɓa sa ni a ido ba. Da ƙanena Sani, mai karatu a jami'ar Musulunci ta can, ya zo hutu, sai ya kawo mini kaset ɗinta. Ta ce ta ji labari ina haɗa wa amare turaren wuta a Fagge, in ina da hali in biyo Sani, in taho mata da kajijin haɗa turare mai kyau na Barno, da daddawa da kuka don Allah. Maigida ya yarda, aka yi fasfo, aka samu biza.

A cikin jirgi Sani ya warware mini abin da kaset bai faɗa ba. Gwaggo tana zaune ita kaɗai a ɗakin haya a Harra ta Gabas, tsohuwar unguwa da ake iya takawa daga can zuwa Harami, wato Masallacin Manzon Allah. Usman yana so ya ɗauke ta ya kai ta gidansa a Jurf, can gefen gari. Ita kuma ta ce muddin hannunta yana ciyar da ita yana biyan haya, ba mai ɗaga ta daga ɗakin nan. Abin da ke riƙe da ita kuwa gida ɗaya ne na Larabawan ƙasar Imarat. Sau ɗaya suke zuwa ziyara a shekara, su kwashe humrar da za ta ishi danginsu gaba ɗaya. In suka daina zuwa, ɗakin ya tafi. Ina sauraronsa ina toshe kunne, don tun da jirgin ya tashi kunnuwana suka ɗauki ƙara.

A Jidda aka fara yi da ni. Wani yaro ɗan kwastan, gashin baki ko gama fitowa bai yi ba, ya buɗe akwatina ya kwance ƙullin daddawa. Sai ya ja da baya ya toshe hanci da gefen rawaninsa, yana tambayar Sani wai mushen me na ɗauko.

"Ce masa da kakanninsa sun samu wannan da sun yi ƙiba," na ce.

"Yaya, ki rufa mana asiri," in ji Sani. Bai fassara ba.

Ana cikin haka wani babbansu ya matso, baƙi ne wuluk kamar mu, da kakinsa. Ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce da wata Hausa mai nauyi, "Daddawa ce. Ummi tana sa wa miya. Wuce, Hajiya." Haihuwar can ne, kakanninsa ne suka zo hajji suka zauna. Na yi masa addu'a har muka fita daga wurin.

Sabuwar hanyar Madina ba a gama ta ba, ta tsohuwa muka bi a bas. Tafiya ce mai tsawo, ba abin kallo sai duwatsu. Mun tsaya a wani ƙauye kusa da teku, aka kawo soyayyen kifi da jar shinkafa a faranti ɗaya, ba miya ba yaji. Na tambayi yaji, mai abincin ya miƙo mini lemon tsami. Shayinsu kuwa a wani ɗan kofin gilashi ne, kurɓa biyu ya ƙare. Wata tsohuwa 'yar Turkiyya da ke kusa da ni ta ga ina harararsa, ta tura mini nata. Ba mu jin yaren juna amma har Madina muna hira da hannu. Da aka hango koren ƙubba bas ɗin ya yi tsit, ni da ita muka kama kuka.

Gwaggo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ga ta da kamannin Baba har tsagar goshi. Ta rungume ni tana "Uwata, Uwata, ahalan," Hausarta rabi Larabci. Ɗakin ɗaya ne da ɗan lungun girki, a bene na farko, ginin baƙin dutse. Kwalabe jere a kan kanta, tabarma da katifa, shi ke nan dukiyar. Da safe burodi ne mai faɗi da dafaffen wake da man zaitun, kullum shi ne. Ranar da na tuƙa mata tuwo da miyar kuka ta ci tana share hawaye.

A wajen kwance kaya na gane abin da ya sa ta kira ni. Ashe bayan ɗan kwastan ya birkita mini akwati, a gaggauce na cusa daddawa cikin buhun kajiji. Zafin hanya ya yi aikinsa. Ina buɗe buhun na ji kajijin nan gaba ɗaya warin daddawa yake, raina ya ɓaci. Kafin in yi magana Gwaggo ta ɗibi cikin hannu, ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Masha Allah," ta ce. "Na Barno na gaske. Ji ƙamshi."

Na dube ta. Ta dube ni. Ta gane na gane.

"Gwaggo, tun yaushe?"

Ta ajiye kajijin a hankali. Ta ce wata mura ce ta kwantar da ita shekara biyu da suka wuce, da ta tashi hancin bai tashi ba. Ba ta jin fure, ba ta jin kwata. Humrar bara da hannu ta haɗa ta da abin da take tunawa, kuma Ummu Rashid, uwar gidan mutanen Imarat ɗin, ta karɓa ba ta yaba ba. Bana kuwa za ta aurar da 'ya, humrar amarya take so. "Usman bai sani ba," ta ce. "Kada ki faɗa masa. Hannu yana nan, Uwata. Hanci nake so ki ara mini." Tausayinta ya kama ni, na ce to.

Kajijin muka wanke muka shanya a saman bene har warin ya fita. Sannan muka shiga kasuwa sayen sauran kayan haɗi, sandal da miski da farce, wato wani ɓawon halittar teku da ake soyawa a daka, shi ke sa humra ta kama jiki. A kantunan da ke kewaye da Harami na fara ganin matan Imarat. Ba a ɓata su, don suna ɗaura wani abu mai ƙyallin zinariya a fuska, ya rufe gira da hanci da leɓen sama. Ku da kuke tambaya ko da turare suke wanka, saura kaɗan. Mu nan turare na amarya ne, da Juma'a, da ranar girki. Su kuwa ko ƙofar gida mace za ta leƙa sai ta shafa mai a bayan kunne da wuya, ta turara gashi, ta turara riga, sannan ta fesa wani a kai. Mazansu ma haka, na ga wani ƙato da gemu ya sunkuya kan kasko a tsakiyar kanti yana tura hayaƙi cikin gemun da hannu biyu, ko kunya. Mace ɗaya za ta sayi man itacen ud, da ruwan wardi, da kwalli, da lalle, ba nata kaɗai ba, har na surukai da maƙwabta. Na ga wata ta cika jaka da garin ganyen magarya, na ce wa Gwaggo Allah sarki, rasuwa aka yi musu? Ta yi dariya har da tari, ta ce gashi suke wankewa da shi. Kuma ba a yi musu wayo. Mai kanti ya miƙa wa wata kwalba yana rantsuwa, ta shinshina sau ɗaya ta ajiye ta juya.

Mu ma mun yi tamu dabarar. Gwaggo za ta karɓi kwalba ta kai hanci kamar gaske, ta yamutsa fuska, ta miƙo mini. In mai kyau ce in taka mata ƙafa. Sau ɗaya na taka da ƙarfi ta ce wayyo, mai kanti ya ɗauka tsadar ce ta dame ta, ya rage mana.

Haɗin kansa a rufe muka yi shi, don Gwaggo ko maƙwabciyarta ba ta taɓa bari ta ga yadda take yi ba. Ita ke awo da tafin hannu, ni ke shinshinawa. Mun yi faɗa ya fi a ƙirga. In ce miski ya yi yawa, ta ce tun ban zo duniya ba take zuba haka. In ce to ai miskin yanzu ba na da ba ne, ta yi tsaki ta rage. Amma gaskiya hannun tsohuwar nan sai ita. Da muka toshe kwalaben muka bar su suka kwana biyu a duhu, na buɗe ɗaya, sai da na zauna. Ban taɓa jin humra irinta ba.

Usman yana zuwa duk Juma'a da kaza da 'ya'yan itace. Direba ne a wani kamfani, dogo, mai sanyin hali. Kun san ɗan gwaggo abokin wasa ne, ban raga masa ba. Ina ce masa Balaraben ƙarya, yana jin Hausa sarai amma sai ya mayar mini da Larabci yana dariya. Ran nan ya tare ni a matakala, ya lallaɓo Hausarsa ya ce, "Ummi ta tsufa. Tukunya biyu ta ƙona, tana zaune gabanta. Wallahi ina tsoro." Ba mugu ba ne, uwarsa yake ji. Na ce masa Allah zai kiyaye, na shige ina jin nauyin abin da na sani.

Ranar da baƙin suka zo, bayan la'asar ne. Ummu Rashid babbar mace ce mai nutsuwa, ta zo da amaryar da wasu mata biyu. Aka yi rungume-rungume, aka zauna, Gwaggo ta fara zuba musu gahawa da dabino. Kwalabenmu suna gefe a rufe da kyalle, sai an gama gaisuwa a zo kansu. Ni kuwa ina raɓe ina ta saƙe-saƙe. A ce gidan masu turare, baƙi na alfarma sun shigo, ɗaki ba ƙamshin komai sai gahawa? A Fagge da an yi da mu. Baƙon kirki ai da turare ake tarbarsa. Na sulale lungun girki, na hura gawayi, na ɗauko turaren wutar da na zo da shi daga gida, wanda nake ji da shi, na barbaɗa. Na ɗan jira ya kama sosai, sannan na fito da kaskon a hannu ina taƙama, na durƙusa gaban Ummu Rashid.

Hira ta tsaya. Ummu Rashid ta dubi kaskon, ta dubi Gwaggo. Sai ta karɓa, ta sa shi ƙarƙashin mayafinta, ta turara, ta miƙa wa ta kusa da ita. Da ya zagaya su duka sai suka miƙe tsaye, suka yi godiya da ladabi, suka sa takalma. Gahawarsu ko hucewa ba ta yi ba. Ina tsaye da kasko ina jin saukarsu a matakala.

"Uwata," in ji Gwaggo, muryarta can ƙasa, "kin sallame su."

Ashe a wajensu turaren wuta shi ne ƙarshen zama. Sai an ci an sha an gama hira ake kawo shi, kuma da ya zagaya baƙo ya san an ce masa sai wani jiƙon. Har karin magana suke da shi, wai bayan turare babu zama. Ni da hannuna na kori mutanen da aka ɗauko ni tun daga Kano dominsu, ko kyallen kan kwalaben ba a ɗaga ba. Da Gwaggo ta zage ni da na ji sauƙi, amma tattara finjalan gahawa kawai ta yi ta kai lungu.

Gari na wayewa na ce sai mun je masaukinsu. Ta ce da wane ido, ita ba ta taɓa bin mai saye gida ba. Na ce ni na ɓata, ni zan durƙusa, ita dai ta zo ta yi mini baki. Na naɗe kwalba ɗaya a gefen zane, na sa ta gaba.

Wani gida suka kama kusa da Harami. Suka karɓe mu ba yabo ba fallasa, aka kawo gahawa. Ɗaci gare ta kamar maɗaci, amma don neman shiri na shanye na miƙa finjalin, aka sake cikawa. Na shanye, aka sake. Sai da Gwaggo ta kama hannuna ta girgiza finjalin, ashe haka ake cewa ya isa. Wannan ne ya fara ba amaryar dariya. Gwaggo ta bi ta nan ta ba su labarin yadda muke tarbar baƙo a Kano, ni kuma na dafa ƙirji ina "samahini, samahini," wato ki yafe mini, kalmar da na haddace a hanya. Matan suka yi ta dariya. Ummu Rashid murmushi kawai ta yi, idonta yana kan Gwaggo.

Abin da ya biyo baya Gwaggo ce ta fassara mini daga baya, amma fuskokinsu da idona na gani.

"Hajja Habiba," in ji Ummu Rashid, "jiya na yi fushi, daga baya na zauna na yi tunani. Hayaƙin nan tun yana lungu muka ji shi, dukanmu muka waiga. Ke kaɗai ba ki waiga ba. Da kin ji shi da kin tashi kin hana ta."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Shekara biyu ke nan."

"Humrar bara fa?"

"Da hannu na yi ta."

"Na sani. Ban ba kowa ba, tana nan a ajiye. Ta bana?"

Gwaggo ta nuna ni. Na kwance gefen zanena, na miƙa kwalbar. Ummu Rashid ta buɗe, ta ɗiga a bayan hannu, ta jira, ta shinshina. Sai ta jawo 'yarta ta shafa mata a wuya. "Wannan ita ce," ta ce. "Duk abin da kuka haɗa a kawo." Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Amma ba ta gama ba. Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Wannan za ta koma ƙasarsu. Baɗi fa?"

Ni dai ina da miji da 'ya'ya a Fagge, kowa ya sani.

"To ga shawara," in ji ta. "Shekara da shekaru ina shafa humrar nan, na san ta kamar yadda na san 'ya'yana. Baɗi in Allah ya kai mu zan zo in zauna a ɗakinki. Ki haɗa, ni in shinshina. In tafi da ita ta nuna a gida."

Gwaggo ba ta ko yi jinkiri ba, ta ce ta yarda.

Da muka fito ta gaya mini abin da aka ƙulla, raina ya sake ɓaci. Muna tafe cikin lungunan Harra, rana ta take, ina ta faɗa. Na ce Gwaggo, abin da kika hana maƙwabciyarki gani shekara da shekaru shi za ki shimfiɗa gaban mai saye? Matar nan hancinta ya fi nawa. In ta zauna ta ga awon sau ɗaya, me zai sake dawo da ita? Za ta haɗa abinta a gida, ta koya wa 'ya'yanta. Baɗi kawai kika saya.

"Na sani," in ji Gwaggo.

"Kin sani kuma kika yarda?"

Mun iso ƙofar gidan ke nan, ta dafa bango tana mayar da numfashi. Sai ta ɗaga mini hannu. "Yi shiru. Ji."

Kiran sallar azahar ne ya taso daga Harami, tar, kamar a kan rufinmu ake yi. Ta tsaya tana amsawa a hankali har aka gama, sannan ta dube ni.

"Hanci ya tafi, Uwata, ido ma ya kama hanya. Kunne ya rage mini. A Jurf akwai masallatai, amma wannan ba a jin sa daga can. Saboda shi na tako daga Kano. In sirrin humra zai ƙara mini shekara ɗaya a nan, ai ban yi asara ba."

Na kama hannunta muka hau bene.

Kafin in taho ta kira Usman ta faɗa masa gaskiyar hancin da bakinta. Ya yi kuka, ya kwance tukunyar gas ɗin ya tafi da ita, ya shirya da maƙwabciya ta riƙa kawo mata abinci. Maganar Jurf ya ce a bar ta sai baɗi. Mun yi umra ni da Sani, ya sa ni a jirgi tare da wasu mutanen Kano, ga ni.

To kun ji abin da ya kai ni. A ɗakinta na baro ta, taga a buɗe. In kun yi salla ku sa Gwaggo Habi a addu'a, Allah ya bar mata kunnenta.